Dutse a Jakar Baba

Ni na saka dutsen. Gara in faɗa tun yanzu, domin na san halina, in aka bar ni da magana sai in wanke kaina tas in shafa wa jaka laifi. Wata Asabar ce ta watan Disamba, a gindin wani tsauni da ke bayan Karu, na ɗauki dutse mai girman kan akuya na cusa a jakar goyo. Yayana na nufa da shi. Jakar Baba na buɗe.

Amma ita ma jakar tana da nata kason. Duk wanda ubansa ke aiki a ma'aikatar gwamnati a Abuja ya san jakar bita, baƙar jakar nan da ake rabawa a kowane taro, da biro da ɗan littafi a ciki. Baba yana da bakwai, duk iri ɗaya. Da su muke zuwa makaranta, da su ake zuwa cefane, akwai ma wadda Mama ke ajiye albasa a ciki. Da a ce ana raba ilimi a tarukan nan yadda ake raba jaka, da tuni 'yan Abuja sun gina gidaje a duniyar wata.

A shekarar ne likita ya auna Baba ya ce jininsa ya hau, sukari ma yana leƙowa. Baba kuwa mutum ne da ko masallacin ƙarshen layinmu za shi sai ya tayar da mota. Ya dawo daga asibiti, washegari sai ga shi da farin kambas sabo fil. Ya fara zagaya unguwa bayan sallar Asuba. Ranar farko zagaye ɗaya ya yi, ya dawo ya zube a bakin ƙofa kamar wanda ya tako daga Lokoja. Bayan wata uku yana yin shida. Tumbinsa ya soma ja da baya, har ya sa ni na huda masa sabon rami a bel da ƙusa, ya riƙa nuna wa baƙi ramin kamar lambar yabo.

Wani abokin aikinsa ne ya saka shi a guruf ɗin waya na wata tawagar masu hawan tsauni. Da damina ta ɗauke suke farawa, kowace Asabar, su yi ta yi har zafi ya kore su. Kullum Baba yana kallon hotunan da suke ɗauka a can ƙololuwa, suna ɗaga hannu, Abuja a ƙarƙashinsu kamar an zubar da ashana. Ya ce a nan zai tsaya a ɗauke shi, ya tura wa likitan nan. Mama ba ta so ba. Ya ce mata shi ba don hoto ba ne ma, so yake ya sani ko jikin nan nasa ne har yanzu ko kuwa ya koma hannun magani. In ya kai sama, ya san amsa. Ina wurin ya faɗa, ina cin ƙosai. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Ranar muka fita gari bai gama wayewa ba, ni da Baba da yayana. Sanyi ake yi irin wanda ke shiga ta kunne ya fita ta yatsun ƙafa. Suwaita biyu na saka da hular sanyi, amma haƙorana suna kaɗawa har ina jin mutanen Abaji na jiyo su. Shugabar tawagar, wata mata 'yar Filato mai aikin jinya, da usur rataye a wuya, tana tsaye cikin riga mai gajeren hannu tana yi mana dariya. Ta ce a garinsu irin wannan safiyar fanka ake kunnawa.

Shi kuma yayana ya dawo hutu daga jami'a da sabon ƙirji. Ƙarfe ya fara ɗagawa, yana tafiya hannuwa a buɗe kamar mai ƙurji a hammata. Tun a mota yake kirana tsinke. Ya ce zai hau, ya sha iska, ya sauko, ya tarar da ni ina ɗaura igiyar takalmi. Ni kuwa na ce a raina, za ka gani.

Al'adar tawagar ita ce kafin a fara hawa kowa ya ajiye jakarsa wuri guda, a yi da'ira a miƙe gaɓoɓi, sannan a yi addu'a biyu, ta Musulmi da ta Kirista, kowa kansa a sunkuye. Tamu gajera ce. Wanda ya yi ta biyun sai da ya roƙa wa tsaunin, da macizan cikinsa, da shugabannin ƙasa, da waɗanda suka yi niyyar zuwa barci ya ɗauke su. A cikin wannan addu'ar na sulale. Tulin jakunkuna, rabinsu jakar bita, domin rabin mutanen ma'aikata ne. Na zaɓi wadda ke kusa da ƙafar yayana, na zuge zif, na ɗaga suwaitar da ke sama, na tura dutsen can ƙasa. Na ga fulas a ciki. Yayana ba ya yawo da fulas, na sani sarai, amma zumuɗi ya rufe mini ido. Na dawo wurina na ce amin da ƙarfi fiye da kowa.

Da Baba ya ɗaga jakarsa sai da ya ɗan yi gefe guda.

"Kai, mamanku kayan lefe ta haɗo ni da su ne?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, idona na kan yayana.

Hanyar ta fara ne ta cikin gonakin dawa da aka riga aka girbe, kara yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Daga nan sai busasshiyar ciyawa, sai kuma falalen dutse tsirara, inda dole ka dafa da hannu, sanyinsa ya ratsa tafinka kamar ka taɓa cikin firji. Shugaba tana gaba da usur. Can baya akwai wani dattijo da suke kira mai shara, aikinsa kada ya wuce kowa, duk wanda ya rage shi ne abokin tafiyarsa. Kuma doka ce kowa ya ɗauki kayansa.

Na manne wa yayana ina jiran ya durƙushe. Ina fa. Tsalle yake daga wannan dutse zuwa wancan kamar ɗan akuya, har da waƙa. Na fara jin tsoronsa. Na ce lallai ƙarfen nan ba ƙarya ba ne, in muka koma gida dole in rage masa rashin kunya.

Wajen rabin hanya da ɗan ɗori akwai wani faffaɗan dutse inda ake hutawa. Nan yayana ya sauke jakarsa, ya zaro biskit, ya kife ta yana kakkaɓe ɓurɓushi. Babu komai a ciki. Ko tsakuwa babu.

Na waiwaya ƙasa. Can nesa na hango farin kambas, da mai shara a gefe. Baba ya sunkuya, hannu ɗaya a gwiwa, igiyoyin jakar sun nutse a kafaɗunsa. Zai yi taku biyar ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya sake yin biyar.

Sai da kowa ya gama hutawa sannan ya iso. A cikin wannan sanyin gumi yake yi, rigarsa ta jiƙe har bel. Shugaba ta kama wuyan hannunsa tana duban agogonta, ta daɗe ba ta sake shi ba, sannan ta ce masa oga nan zai tsaya yau. Ya yi gardama. Ya ce zagaye shida yake yi kullum, wata uku ke nan bai fasa ko kwana ɗaya ba. Ta ce ta yarda, amma tsauni daban, layin unguwa daban. Daga inda muke ana ganin ƙololuwar sarai, da wata 'yar bishiya guda a kanta, tafiyar da ba ta wuce ta zuwa bakin titi daga gidanmu ba. Ya miƙe da jakar a bayansa ya yi taku kamar goma. Sai ya zauna a kan dutse. Ba da kowa yake ba, amma ina kusa, na ji ya ce, "Ashe dai shi ke nan."

Abin da na yi a gindin tsauni wauta ce. Wanda na yi a nan shi ne ke hana ni sakewa. Kalma uku ta isa, in ce Baba buɗe jakarka. Amma ga mutum ashirin a tsaye, ciki har da waɗanda ke gaishe shi da rusunawa a ofis, ga yayana da sabon ƙirjinsa. Na lissafa marukan da zan sha, na ga ba za su ƙare ba kafin Sallah. Sai na ce, "Baba, kawo jakar in riƙe maka."

Ya miƙo mini ba musu. Na zagaya bayan wani dutse kamar mai neman wurin fitsari, na zaro dutsen, na kwantar da shi cikin ciyawa a hankali kamar ƙwai, don kada ya yi ƙara. Na dawo da jaka sakayau.

Dokar tawagar ta biyu ita ce ba a barin mutum shi kaɗai. Na ce ni zan zauna da shi. Nan aka yi mini ruwan albarka. Shugaba ta dafa kaina ta ce irin waɗannan yaran sun yi ƙaranci a zamanin nan, mai doguwar addu'a ma ya so ya sake buɗe wata saboda ni. Baba ya ce in bi su in hau, ko don a samu hoton ɗaya daga cikinmu ban da wancan mai ƙirjin. Na ƙi. Ya ɗauka ƙauna ce.

Muka zauna mu biyu muka sha shayin Mama mai citta. Ya riƙe murfin fulas da hannu biyu yana kurɓa. Can muka ji usur daga sama, da ihu, da tafi. Bai ɗaga kai ba. Ya tambaye ni ko ina jin sanyi, kafin in amsa ya jawo jakar da ƙafa, ya zaro suwaitarsa, ya ga ƙasa a jikinta, ya kakkaɓe bai kawo komai a ransa ba, ya yafa mini. Suwaita uku ke nan a jikina, kuma ban daina rawar ɗari ba.

Ni na sauko da jakar, bai sake ɗaga ta ba ranar. A gida Mama ba ta ce ai na faɗa maka ba, ruwan zafi kawai ta kai masa banɗaki. Da yamma ya fita ya dawo da tsire, ya ware mini kaso mafi girma, yana ba Mama labarin yadda auta ya haƙura da kaiwa sama saboda ubansa. Na ci, ba zan yi ƙarya ba, har na suɗe yatsu.

Ranar Litinin bai fita zagaye ba, ya ce gwiwa. Talata ma gwiwa. Ya koma asibiti aka duba zuciyarsa, aka ce lafiya lau, ya ce likitoci haka suke faɗa don kada hankalin mutum ya tashi. Hotuna suna shigowa wayarsa kowace Asabar, ba ya buɗewa. Wata safiya zan tafi makaranta na ga farin kambas a ƙafar maigadinmu, ya yi masa yawa, ya cusa takarda a gaba.

Kullum ina shirin faɗa. In ce bayan Magariba. In ce bari Juma'a ta wuce. In ce bari yayana ya koma makaranta tukuna, ya koma, na ce bari a gama jarrabawa. Haka sanyi ya tafi, zafi ya shigo, tawagar ta dakata da hawa.

A mota na faɗa masa, yana kai ni makaranta, mun maƙale a cunkoso daidai Kuchigoro. Da gangan na zaɓi mota, domin hannayensa biyu suna kan sitiyari. Na zayyana komai, daga tsinke har zuwa doguwar addu'a. Motar gabanmu ta matsa, ya bi ta. Sannan ya tambayi girman dutsen. A karon farko a rayuwata na rage abu maimakon in ƙara, na nuna masa kamar mangwaro. Ya dube ni. Na buɗe hannuwan zuwa gaskiya. Ya yi wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci, har na fara jin na tsira. Sai ya ce to ya aka yi bai gan shi ba da ya buɗe jakar. Na gaya masa inda na kwantar da shi.

Dariyar ta ɗauke.

"Da ka bar shi a ciki, auta. Da na zo gida na buɗe na gan shi, in zane ka, Asabar ta gaba in koma in hau."

Ya ja mota har ƙofar makaranta. Da zan fita ya tuna mini na bar kwanon abincina a kujerar baya.

Bai dake ni ba, bai gaya wa Mama ba, yayana ma har yau bai san shi na nufa da dutsen ba. Na ce a karɓo kambas ɗin daga wurin maigadi, ya ce ba a yin kyauta a dawo a karɓe. Na ce to a sayi wani, ya ce bari sanyi ya dawo mu gani. Sanyi ya dawo bana, na tuna masa sau biyu, ya ce to. Na bi tawagar ni kaɗai na kai har gindin 'yar bishiyar nan, aka ɗauke ni hoto, yana cikin wayar Mama ban nuna masa ba. Yanzu yana shan maganinsa a kan lokaci, yana kuma takawa zuwa masallaci da ƙafa. Tsaunin dai bai sake hawa ba.