Motar da marigayi ya bar mana

Da aka raba gadon mijina, motar ta faɗo a rabonmu ni da yara. Tsohuwar mota ce mai tabo, wato na'urar da ke ƙara wa inji iska. Shi ya koya mini tuƙi da ita, kuma bayan na fita takaba da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa a Dutsin-Ma.

A kan hanya ba ta da laifi. Amma da zarar na tsaya, a mahaɗa ko a shingen bincike, sai ta yi rawar jiki ta mutu. Ranar kasuwa ta taɓa mutuwa a tsakiyar titi, masu babura suka yi ta yi mini ham, wani ya leƙo ya ce in koma gida in dafa tuwo.

Na fara lura da ita. Da safe lafiya lau take. Sai ta yi zafi, musamman in na yi gudu sannan na ɗage ƙafa, take mutuwa. Kuma kafin ta mutu ina jin wani huci siriri daga gefen dama na injin. Na rubuta duk wannan a bayan littafin darasi na kai gareji.

Makaniken bai ko dubi takardar ba. "Hajiya, ƙafarki ce. Kina sakin kulochi da wuri."

"Ko a firi take, mutuwa take yi," na ce.

Ya canza filogi. Da na dawo ya canza famfon mai. Zuwa na uku ya wanke nozul, ya ce in turo namiji su yi magana. Kowane zuwa sai na ambaci hucin nan, kowane zuwa sai ya yi murmushi.

Labari ya kai Kurfi, wurin yayan mijina. Ya zo ran Asabar, ya zauna a tabarmar tsakar gida, ya sha ruwa, ya ce ana ta magana a gari.

"Malama, motar nan ta fi ƙarfinki. Kada ki lalata wa marayu kayansu. Ba ni in kai ta a duba."

"Yaya, ba tuƙina ba ne. Akwai inda take shan iska."

"To, za a gani."

Na miƙa masa makulli, don ban san yadda zan hana shi ba a gaban yara.

Matarsa ce ta ba ni sauran labarin, tana dariya, ba ta san abin da take yi mini ba. Sau huɗu motar ta mutu masa kafin ya isa Kurfi. Wani dattijon makanike ya bar ta ta yi zafi, ya kara kunne, ya shafa ruwan sabulu a kan tiyon da ya taso daga tabo zuwa inji, ya sa aka taka totur. Kumfa ta tashi a ƙasan tiyon, inda ya tsage. Ya ce iskar da ke bi ta nan ce ke rikita injin, shi ya sa ba ta iya silo, wato ci gaba da aiki in an tsaya. Kafin azahar an sa sabon tiyo.

Na jira mako biyu sannan na je. Na tarar da motar a ƙofar gidansa, an ɗaura mata buhunan wake a baya.

"Yaya, na ji an gyara."

"An gyara, alhamdu lillahi. Sai da namiji ya shiga maganar." Ya ce zai riƙe ta amana har babban ɗana ya isa tuƙi. Yaron yana aji huɗu na firamare a lokacin.

Na kai kuka wurin kawun mijina, ya ce in yi haƙuri, zumunci ya fi mota. Mahaifiyata ma haka ta ce.

Shekara uku ke nan ina hawa adaidaita zuwa makaranta. Bara gindin motar ya zauna saboda lodi, an jingine ta a bayan gidansa. Da muka je gaisuwar salla na ga kaji suna kwanciya a ƙarƙashinta, tayoyin duk sun sace. Na gaishe shi yadda aka saba, na ci abincin gidansa, muka dawo.