Ihun Iya Mai Bokiti

Ƙarfe shida da rabi na safe take shiga ƙofar asibiti, tun masu ba da kati ba su buɗe tagarsu ba. Sai ta wuce ɗan ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala, ta tuɓe silifas, ta zura takalman roba masu tsawo, ta ɗauko mofa ta goge ƙasa da bokitai biyu. Shuɗin na ruwan sabulu ne. Jan kuwa na abin da ba a ambata a gaban mai cin abinci. Daga nan sai ɗakin haihuwa: gadaje shida, labule tsakanin kowane biyu, fanka mai ƙara a sama, da agogon bango da kowace mai naƙuda ke zargi da tsayawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan zagaye. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

A takardar asibiti aikinta shara da goge-goge. A bakin matan da suka haihu a ɗakin, sunanta Iya Mai Bokiti, kuma idan sun zauna hirar haihuwa sukan manta fuskar likita, amma ba sa manta tata.

Ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, ba ta kuma taɓa cewa ta iya ba. Abin da ta iya shi ne zama da mace a tsakanin dubawa da dubawa, a waɗannan awoyi masu tsawo da ungozoma ke kan wani gadon, miji na baranda yana safa da marwa, ita kuwa mai ciwon ba ta da abokin hira sai ciwon. Iya takan jingine mofa da bango, ta wanke hannu har gwiwa, ta sa gindin tafinta a ƙugun mace ta danna.

"Nan ne?"

"Ƙasa kaɗan, Iya. Wayyo, nan!"

"To hura iska. Kamar kina hura shayi mai zafi a kofi. A hankali, ba gobara kike kashewa ba."

Ta ji kwatancen naƙuda iri-iri. Wata ta ce kamar ana sarar bayanta da gatari. Wata ta ce kamar an ɗaure ƙugunta da igiya, ƙarti biyu suna ja. Wata ɗaliba, cikin fari, ta ce mata ba ciwon ne ya fi tsorata ta ba, jiran dawowarsa ne. Iya ba ta taɓa ce wa ɗayarsu "ba komai ba ne" ba. Takan ce, "Da zafi. Amma mai zuwa ne mai tafiya. Idan ya tafi, ki huta, kada ki ɓata hutun da tunaninsa." Mai son tafiya ta ba ta kafaɗa su auna baranda. Mai son durƙuso ta shimfiɗa mata zane. Mai son riƙo kuma ta miƙa mata damtse, shi ya sa hannun Iya na hagu ya cika da fararen tabban farce, kamar an yi rubutu a kai.

Wata tela da ta haifi 'ya'yanta biyar a ɗakin ta ba da labarin haihuwarta ta huɗu tana dariya har da hawaye. Ta ce da abin ya kai mata karo sai ta kama rigar Iya ta ce, "Ki kira min mutumin nan in ci mutuncinsa! Wallahi daga wannan na rufe!"

Iya ta ce, "Haka kika ce bara waccan, a gadon can na kusa da taga. Shi kuma yana waje, gumin da yake yi ya fi naki. Adana zagin, za ki buƙaci numfashin."

Ke ce mai dariya a inda dariya ke wuya, Iya. Ke ce kafaɗar da ba a rubuta a kati ba.

Amma abin da ya sa ma'aikatan ɗakin ke rage murya idan an ambace ta ya faru ne wata Talata, shekara huɗu da suka wuce, da hantsi.

Mai goge ƙasa kanta a sunkuye yake, don haka abin da ta fi gani a jikin mutane ƙafafu ne. Shekara da shekaru Iya tana wucewa ta ƙarshen gadaje, har ta haddace abin da yatsun ƙafa ke faɗa. Idan ciwo ya taso sai su dunƙule, idan ya lafa sai su saki. Ko labule a rufe yake, ƙafafun da suka leƙo sun ishe ta sanin wadda ta kusa da wadda ke da sauran tafiya.

Ran nan gadaje shida duk a cike, ungozoma biyu kacal, ga Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin, wadda ba ta fi wata biyu da zuwa ba. Mace ce mai ƙwazo da son tsari, kuma a satin da ya gabata ta kira Iya gefe ta ja mata kunne: mai shara ta tsaya a shara, taɓa marasa lafiya ba nata ba ne. Iya ta ce to.

A gado na ɗaya wata na ihu kamar za ta tsaga rufi, kowa ya yi kanta. A gado na shida, can ƙurya, akwai wata malamar makaranta, cikin fari, wadda tun da aka kwantar da ita ba a ji ko tarinta ba. Mahaifiyarta na zaune a bencin baranda, tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa su a gidansu ba a kukan haihuwa. Ita ta haifi takwas, ko maƙwabta ba su taɓa sani ba sai sun ji kukan jariri.

Iya ta fara guga daga bakin ƙofa. Ta ga ƙafafun malamar a dunƙule. Ta goge ƙarƙashin gado na biyu da na uku, ta matse mofa, ta waiwaya. A dunƙule. Ta je ta zubar da jan bokiti, ta ɗauraye, ta dawo, wajen minti goma ke nan. Yatsun nan suna nan yadda ta bar su, har sun yi fari.

Naƙuda, komai muguntarta, tana ba da hutu. Ciwon da ba ya sakin mace ko na ƙiftawar ido wani abu ne daban.

Ta leƙa labulen. Malamar na kwance a gefe, ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙora, goshinta ya jiƙe da gumi mai sanyi, leɓɓanta sun koɗe.

"'Yata, ciwon yana tafiya ya dawo?"

Ta girgiza kai.

"Tun yaushe?"

Ta zare mayafin da ƙyar. "Ya daɗe, Iya. Amma zan iya."

Iya ta nufi gado na ɗaya, ta tsaya bayan Sista. "Sista, ta gado shida, a zo a duba ta."

Sista ba ta waiwayo ba, hannunta biyu na cikin aiki. "Na duba ta ɗazu, da sauranta sosai. Ga kai ya fito nan, Iya. Don Allah ki ba mu wuri."

"Ƙafarta ba ta saki ba tun..."

"Ƙafa? Iya, me muka yi da ke satin jiya?"

Ba laifin Sista ba ne kaɗai. Inda mutum uku ke aikin mutum goma, kunne ne ke raba aiki: wadda ta fi ƙara ita ake fara zuwa wa. Iya ta san haka sarai. Ta koma gado na shida, ta ja labule, ta durƙusa daidai fuskar malamar.

"'Yata, ki yi ihu."

Malamar ta zaro ido. "Mama na waje. Za ta ji."

"Ta ji mana. Saurara. Ni ma cikina na fari haka na yi. Kwana biyu ina cizon tsumma, ana cewa kai, yarinyar nan jaruma ce. Na sha yabo har na ƙoshi. Da ɗan ya zo, shi ma bai yi kuka ba. Yabon nan ban goya shi ba, ban shayar da shi ba. Ki yi ihu, don Allah."

Hawaye suka gangaro wa malamar. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ko kunya ce ta riƙe muryar, ko ƙarfin ne ya ƙare, har yau ita kanta ba ta sani ba.

Iya ta miƙe. Ta san abin da zai iya biyo baya, takardar gargaɗi ko sallama daga aiki, a shekarun da ba wanda zai ɗauke ta wani aikin. Ta dubi ƙafafun nan sau ɗaya. Sannan ta cika ƙirji da iska, ta kurma ihu.

Waɗanda suka ji sun ce ba su taɓa jin irinsa ba a ɗakin da ihu ne abincinsa. Mai gadi ya baro ƙofa a guje. Ta gado na ɗaya, wadda ta sauka a daidai lokacin, ta ce ita kanta sai da ta yi tsit don mamaki. A baranda kuwa mahaifiyar malamar ta gyara zama ta ce wa ta kusa da ita, "Wannan dai ba tawa ba ce."

Sista ta bar jaririn a hannun ungozoma, ta tuɓe safar hannu, ta fizge labule. Ta tarar da mai shara tsaye, baki buɗe, mara lafiya kuwa shiru.

"Iya! Kin haukace ne?"

Iya ta kama hannun Sista, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora shi a kan cikin malamar. Cikin ya yi tauri kamar katako. Fuskar Sista ta sauya nan take. Ta taɓa wuyan hannun malamar, ta janye fatar idonta ta duba, ta juya ta ƙwala wa ungozoma kira: a kira likita, a sa ruwa, a nemo jini, a buɗe tiyata. Iya ce ta janye bokitanta daga hanya, ta riƙe ƙofa har gadon da ake tura malamar a kai ya wuce. Sannan ta koma ta ƙarasa goge ƙarƙashin gado na biyar, domin ba a barin aiki rabi.

Daga baya likita ya yi wa dangi bayani: mabiyiya ce ta fara rabuwa tun kafin lokaci, jini na zuba a ciki ba ya fitowa waje. Ya ce da an ƙara rabin awa, da zancen ya zama wani. An ciro 'ya mace, ta yi kwana tara a ɗakin jarirai kafin a miƙa wa uwarta ita. Uwar ta sha jini leda uku, ta tashi.

Da la'asar ɗin ranar Sista ta sami Iya a ƙarƙashin matakala tana wanke takalmanta. Ta tambaye ta:

"Me kika gani a ƙafar?"

Iya ta gaya mata. Sista ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Gobe ki maimaita wa ɗalibai." Tun daga lokacin, duk sabbin ɗaliban ungozoma da aka turo ɗakin, Sista kan tsayar da su a bakin ƙofa ta ce su fara zagayensu daga gadon da ya fi shiru.

Mahaifiyar malamar ba ta zo godiya da baki ba, irin mutanen nan ne da kalmar ke yi musu nauyi. Amma bayan shekara biyu da rabi, da 'yarta ta dawo haihuwa ta biyu, tana nan a bencin nan dai. Wannan karon malamar ta saki murya yadda ranta ke so, har wata baƙuwa a baranda ta taɓe baki ta ce, "Wannan wace irin mai raki ce haka?"

Tsohuwar ta juyo ta dube ta sama da ƙasa. "Tawa ce. Ki bar ta ta yi."

Iya, ke ce kika ga abin da ke ƙasa don ba ki raina sunkuyo ba. Ba ki da farar riga, ba ki da hatimi, sunanki bai hau katin haihuwar kowa ba. Amma akwai yarinya 'yar shekara huɗu da ke tsalle a tsakar gidansu yau, akwai uwarta da ke tsaye gaban allo tana koyarwa, kuma su biyun sun san ta hannun wa Allah ya bi da rahamarsa. Mun gode, Iya. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ki ga jikokin jikokinki.

Ga sauranmu kuma, ma'aikata da masu jinya, iyaye mata da surukai da mazajen da ke safa da marwa a baranda, Iya za ta tafi gida, ɗakin kuwa ba zai daina cika ba. Wani watan ma za a kwantar da wata a gadon ƙurya, ta cusa mayafi a baki don kada a ce ta yi raki. Kada ku tsaya yaba mata. Ku ɗaga labulen, ku tambaye ta ina ke ciwo, kuma kada ku tafi sai ta faɗa.