Tambarin Shuka

A gidanmu na Filinge, in sanyi ya shigo, Kaka Dije ce ke da wuta. Da an sallame magariba sai ta tara karan hatsi bakin ɗakinta ta hura, ta jawo kwandon gujiya ta ajiye a tsakiya. Wanda bai ɓare ba, ba ya jin tatsuniya. Ni da ƙanena Idi kullum faɗanmu ɗaya, wa zai zauna jikin ƙafarta. Ni take kira maigida, shi kuma take ce masa ɓarawon mata, tana tsokanarmu cewa duk cikinmu babu mai iya ciyar da ita.

Daga rufin ɗakin nan, inda hayaƙi ke bugawa, akwai damin zangarniya a rataye. Irin shuka ne. Kowace shekara da kaka, ita da kanta take shiga gona ta zaɓi manyan kawuna, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa su. Ta ce daga hannun uwarta ta karɓi irin.

Ba ta jan dogon buɗi. Sai dai ta ce, "To, ga ta nan tahe." Mu ce ta iso lafiya.

Wai an yi wani sarki mai tausayin talakawansa. Wata shekara wasu suka yi gaggawa, suka shuka da ɗan yayyafi, iri ya mutu a ƙasa. Suka zo fada suna kuka, har sarki ya yi hawaye. Ya rantse ba za a sake irin wannan asara a ƙasarsa ba. Ya sa aka tattara irin kowa a rumbunsa, aka rufe, ya ce daga yau babu mai shuka sai an buga tambari.

A nan Kaka takan tsaya ta tambaye mu yadda ake sanin ruwan shuka. Mun sani, don mun sha ganin Baba yana yi. Da ruwa ya ɗauke, manomi zai je gonarsa ya tura hannu cikin rairayi. In danshi ya kai wuyan hannu, to, kowa ya ɗauki sungumi da ƙwarya, ko tuwo na kan wuta a bar shi. Rairayin ƙasarmu ta Kurfai ba ya jiran kowa, rana na bugunsa ya sha ruwansa. Kuma ruwanmu ba ya sauka gaba ɗaya, yakan jiƙa gonarka ya tsallake ta maƙwabcinka.

Shi kuwa sarki, bafade ɗaya ya naɗa ya riƙa tura hannu a ƙofar fada. Ruwa ya sauka gabas, mutanen gabas suka sheƙo a guje neman irinsu. Bafade ya tura hannu, ya fito da ƙura, ya ce su koma. Ruwa ya sauka yamma, haka aka yi musu. Ranar da ƙofar fada ta jiƙe aka buga tambari, aka raba iri, kowa ya je ya tarar da gonarsa a bushe, damana kuma ta yi nisa. Shekarar nan aka ci ganye, aka binne yara.

Sarki ya sake yin kuka, ya tara fadawa, suka duba inda aka kuskure. Suka gano cewa tambarin ne ya yi ƙanƙanta, na nesa ba sa ji da wuri. Sai aka sassaƙa babba.

"Na aje ta nan," in ji Kaka, "mai so shi ɗauka."

Ni tatsuniyar ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Babu wanda aka kama, babu wanda ya ji kunya. Wata rana na ce mata, "Kaka, sarkin ga mugu na ko?"

Ta daɗe tana juya wuta da kara. "A'a, maigida. Da mugu na, da sun gudu tun da wuri. Son su shikai. Amma hannunai guda na, gonaki ko ba su ƙirguwa."

Sai da na girma na ji cewa zamanin Nasara an tilasta wa ubanta zuba hatsinsa a rumbun hukuma, wai don ranar yunwa, buɗewa kuma sai da izinin wani. Ba ta taɓa gaya mana wannan ba, sarki kawai ta ba mu.

Yau ina Yamai ina ɗinki. Idi ne ya zauna gida, shi ya gaji gonar Baba ta daji, can wajen hanyar Sanam, shi ya gaji damin Kaka. Da moto, wato babur, yake zuwa gonar, ya ɗauki iri da matarsa, kafin rana ta yi zafi sun fara. Sai masu bindiga suka shigo ƙasarmu, su ma a kan moto. Hukuma ta hana hawan moto ga kowa. Ba zan ce babu dalili ba, mun binne mutanen da muka sani, kuma ranar da aka yi dokar ni ma na ce madalla. Idi ya tura nasa ƙarƙashin rumfa ya lulluɓe da tabarma. Masu bindigar dai ba su ajiye nasu ba.

Bara ruwan fari ya sauka a gonar, bai taɓa gari ba. Wani makiyayi abokinsa ya kira shi a waya ya ce ƙasa ta sha. Idi ya tsaya ya dubi moton nan. Ya san abin da ake yi wa wanda aka gani a kai, kuma yana da 'ya'ya. Ya je aron amalanken jaki, bai samu ba sai washegari, jaki kuma ya yi tafiyarsa ta jaki. Da ya isa ya kira ni.

"Yaya, na tura hannu. Ƙura ta."

Ya jira ruwa na gaba, ya shuka rabin irin a makare, hatsin ya tsaya bai fid da kai ba. Rabin ya mayar rufin ɗaki. Na aika abin da na iya, amma keken ɗinki ɗaya ba ya riƙe gida biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda zan nuna da yatsa. Waɗanda suka yi dokar tsaron ranmu suke nema, na yarda. Sai dai ba wanda ya tambayi Idi nisan gonarsa, kuma ba wanda zai zo ya ga abin da ya rasa. Duk lokacin da wa'adin dokar ya cika na ji an ƙara shi, tambarin nan babba nake tunawa.

Kwanan baya, da bazara ta yi tsanani, Idi ya kira ni. Muka gaisa, ya tambayi yara.

"Yaya," ya ce, "ka yi haƙuri. Jiya munka daka irin Kaka."