Haladu Mai Fito, Wanda Aka Ture Ranar Buɗe Gada

Shekara ashirin da biyu, kowace damina, da ya idar da sallar asuba Malam Haladu yakan saɓa babban goransa na fito ya gangara mashigin kogi a Maruta. Ƙetarar da mutane ce sana'arsa. Amma da hantsi, in masu wucewa sun tsagaita, sai ya tara masu son koyon iyo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ba ya farawa da hannu ko ƙafa. Fuska yake sa ka tsoma.

"Busa ta hanci, in ga kumfa," yakan ce. "Kada ka ɗaga kai, juya shi gefe ka shaƙa. Hannu uku, shaƙa ɗaya. Mai riƙe numfashi shi ruwa ke ci."

Da ya ce mata ma su koya, dattawa suka yi masa ca. Ya ce, "Ruwa yana tambaya ne, namiji ko mace?" Ya koya wa matarsa Batulu, ita kuma ta koya wa masu tallan nono.

A daminar 1974, ranar kasuwa, goran ya bugi kututture a tsakiyar ruwa ya fashe, mata biyu na riƙe da shi. Haladu ya cafki tsohuwar cikinsu. Ɗayar, Safiyatu mai nono daga Dingaya, ruwa ya tafi da ita. Da bakinta ta gaya mini: "Wallahi Malam, sau biyu na sha ruwa. Sai na tuna Inna Batulu: busa, juya, shaƙa. Ina ta ƙirgawa har ƙafata ta taɓa yashi."

Bana aka buɗe gada. Manya suka zo daga Kano, aka kafa rumfuna, aka yafa wa ɗan kwangila babbar riga. Haladu ya zo da farar rigarsa ta salla, wani mai gadi ya sa masa kulki a ƙirji.

"Baba, ja baya, nan wurin manya ne."

Safiyatu ta daka wa mai gadin tsawa: "Wanda ka ture ɗin nan, shi ya ƙetarar da uwarka!"

Aka yi dariya, aka ci gaba da jawabi. Awa uku, ba bakin da ya ambaci sunansa. Haba! Ko kujera ɗaya ta gagara?

Kai ne, Baba Haladu, namijin ruwa, wanda bai taɓa barin gawa a mashiginsa ba. Sanyin kogi ya kama maka ƙirji, yau tari ke hana ka magana. Mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma mutanen Gwaram da Birnin Kudu, duk wanda ya koya a hannunsa ya shiga ruwa ya koya wa mutum biyu kafin damina. Gada ta zo, amma kogi bai ƙaura ba.