Tsokar Baba da Na Binne

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina sayar da masara a kasuwar Dandume, kuma ni ne babban ɗa a gidanmu da ke Funtua. Mutum ne ni mai saurin yanke hukunci. A kasuwa halin ya yi mini rana, sai na ɗauka ko'ina ma haka ne. Ga ɗan karatun addini da na taɓa, bai taka kara ya karya ba, amma ya isa ya sa ni jin kunyar tambaya. Ƙannena har tsokanata suke yi, wai Yaya ba ya cewa bai sani ba, sai dai ya ce ya manta.

Mahaifinmu kafinta ne. Ya yi shekaru yana yanka silin asbestos da zarto, ya dawo gida fari fat kamar ya fito daga injin niƙa. Bayan ya tsufa ya ajiye aiki sai numfashi ya fara yi masa wuya, ƙirji yana ciwo. Muka sha maganin tari har muka gaji. A ƙarshe aka tura mu wani babban asibiti, aka zuƙe masa ruwa a ƙirji, aka ɗan tsinko tsoka don gwaji. Sakamako ya nuna ciwon daji ne a fatar da ta lulluɓe huhu, wanda ƙurar silin nan kan jawo bayan shekaru masu yawa. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya miƙo mini takarda da wani ɗan dunƙulen kaki kamar na kyandir, da tsokar Baba a daskare a ciki. Ya ce in adana. Ban tambaye shi don me ba.

Kwana biyu abin yana aljihun rigata yana damuna. Naman jikin mahaifina ne fa. Mu da ko mabiyiyar jariri ba ma yarwa sai mun binne, ni kuma ga ni ina yawo da tsokar Baba tsakanin buhunan masara. A raina na ce an yi gwaji an gama, takarda tana hannu, adanar da ta dace da naman ɗan Adam ita ce ƙasa. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na je gefen maƙabarta bayan La'asar, na tona ɗan rami na binne. Wallahi na dawo gida ina jin na yi aikin lada.

Sai bayan makonni muka samu ganin likitar ciwon daji, wata mata mai haƙuri. Ta karanta takarda, ta miƙo hannu ta ce in kawo kakin. Da na faɗa mata abin da na yi, ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ajiye biro. Sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce ciwon nan suna ɗaya gare shi, amma ba hali ɗaya ba. A cikin tsokar akwai alamomin da ake dubawa, su nuna wane iri ne, kuma wane magani ya fi yiwuwa ya karɓa, mai kashe ƙwayoyin ciwon kai tsaye ko mai tayar da garkuwar jiki ta yaƙe su. Ta ce ba tabbas alamomin ke bayarwa ba, kuma ciwon ba kasafai yake warkewa ba, amma suna rage lalube. Takardar da ke hannuna sunan ciwon kawai ta faɗa. Tsokar da aka samu kaɗan ce, duk ita aka ba ni, jikin Baba kuma ba zai ɗauki a sake tsinko wata ba. Ƙarfin da ya rage masa na gwada magani ɗaya ne.

Washegari na koma maƙabarta. Damina ta sauka, ciyawa ta rufe wurin, an yi sababbin kaburbura a gefen. Na tsaya da fartanya a hannu, na rasa inda zan sara, don ba zan yi ta tone-tone kusa da mamatan mutane ba.

Likitar ta zaɓi maganin da ta ga ya fi dacewa bisa abin da ke gabanta, kuma na shaida ta yi iya ƙoƙarinta. Jikin Baba bai karɓe shi ba. Ya daina cin abinci, ko ƙamshin miya ba ya so, ciwon kuma ya ci gaba. Wata rana da hantsi ina shafa masa mai a ƙafa na kasa riƙewa, na faɗa masa komai. Sai ya tambaye ni ko a farin ƙyalle na naɗe. Na ce eh. Ya ce to abin da ya koya mini na yi, Allah Ya yi mini albarka, kada kuma in faɗa wa Inna. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Bai kai kaka ba ya rasu.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na kuma san ko da kakin yana nan, mai yiwuwa maganin nan ɗin za a ba shi. Amma mai yiwuwa da wani ne, da ya ƙara 'yan watanni yana cin tuwo a cikinmu. Wannan rashin sanin ne nake ɗauke da shi har yau. Daga baya na tambayi wani malami, ya ce ajiye irin wannan don neman magani babu laifi a ciki, binnewa tana iya jira.

Don haka 'yan'uwa, duk abin da aka miƙo muku a asibiti, kwalba ce ko kaki ko takarda, kada ku bar wurin sai kun tambayi amfaninsa. Kyakkyawar niyya ba ta tsaya mini a madadin sani ba. Tambayar da na ji kunyar yi ba ta fi kalma uku ba, kuma mutumin da zai amsa mini yana tsaye a gabana.