Rigimar Sabon Littafin Wasa a Shagona

An yi zaɓe a cikin shagona, a kan teburina, ana shan zoɓona, kuma ba a ƙirga hannuna ba. Abin ya ɓata mini rai a ranar. Ba zan taɓa mantawa da shi ba, shi da abin da ya biyo bayansa.

A lokacin ina da shagon abinci a Lugbe, shekarun da ake ta faɗaɗa titin filin jirgi, kowa a Abuja yana ganin gobe zai yi arziki. Duk Asabar bayan la'asar wasu mutum biyar sukan zo su kama teburin kusurwa. Ranar farko da na ga sun zube 'yan lido masu siffa iri-iri, wani ma fuska ashirin gare shi, na ɗauko tsintsiya na ce a tashi, ba a caca a wurina. Babbansu, wani ma'aikacin gwamnati mai furfura a gemu da kowa ke kira Oga, ya yi dariya ya ce in zauna in kalla, idan na ga sisi ya fita daga aljihun wani in kira 'yan sanda.

Na zauna. Ashe tatsuniya ce ta manya. Oga ne ke ba da labari, kowa yana da mutuminsa a cikin labarin, ka faɗi abin da kake so mutuminka ya yi, a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Akwai wani littafin Turanci mai kauri da aka kawo daga waje, shi ne dokar wasan, amma Oga bai cika buɗe shi ba, duk yana kansa. Ban daɗe ina kallo ba na ja kujera na shiga. Tawa mace ce mai gatari, ba ta da dogon zance. Idan suka tsaya shawara a bakin wata ƙofa, ni sai in ce, "Na sare ta." Alhaji, wani Bakatsine mai shagon yadi da ke cikinmu, yakan ce, "Hajiya, ke fa ba wasa kike yi ba, halinki kawai kika ba wa gatari."

Mun daɗe muna bin labari guda. An sace yaran wani gari an kai su ƙarƙashin tafki, muka sha wuya har muka isa ƙofar ƙarshe, ta ƙarfe, ana jin wani abu yana numfashi a bayanta. Nan Oga ya tsayar da mu, ya ce sai wata Asabar. Abin da ke bayan ƙofar nan ba ya cikin kowane littafi, yana cikin kan Oga shi kaɗai. Wallahi ina tuƙa tuwo ina tunaninsa.

A makon ne Barista, ɗaya daga cikin 'yan teburin namu, ta dawo daga tafiya. Yarinya ce mai kaifin baki, ba ta daɗe da gama makarantar lauyoyi a Bwari ba. Ta ajiye wani littafi mai sheƙi a kan tebur ta ce kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ya fitar da sabon bugu, an gyara dokoki. Ban taɓa sanin littafi na iya raba kan manyan mutane haka ba. Barista ta ce tsohon ba adalci a cikinsa, wanda mutuminsa mai sihiri ne shi ke yin komai sauran su zauna kallo, kuma rabin hukunci ya dogara ga yadda mai ba da labari ya tashi da safe. A sabon kuwa kowa yana da katinsa da aka rubuta abin da zai iya, ga taswira mai gida-gida da ake tafiya a kai.

Oga ya buga tebur ya ce, "Wannan ai dara ce. Ina labari idan kowa yana ƙirga gidaje?"

Alhaji ya juya littafin ya shinshina shi ya ce, "Ni ɗan kasuwa ne, na san wannan aikin. Yadin bara ne aka sake wa suna."

Ana cikin haka aka kira ni kicin. Na dawo ɗauke da faranti na tarar hannuwa a sama. Barista da samari biyu injiniyoyi da muke wasa tare sun zaɓi sabo, Oga da Alhaji sun zaɓi tsoho, har an ce an gama.

Na ce, "Nawa hannun fa?"

Barista ta ce, "Sori Hajiya, mun ɗauka tsohon za ki so. Sabon nan duk karatu ne."

Oga ya ce, "Ƙyale su, Hajiya ai tawa ce."

Na dire farantin na ce ni ba ta kowa ba ce. Na haura arba'in na shiga ajin manya na koyi karatu, ba wanda zai zauna a kujerata ya yanke mini abin da zan iya karantawa. Na ce wannan zaɓe bai zaɓu ba, kuma ba zan ɗaga hannu ba sai na ɗanɗana. Asabar mai zuwa a gwada sabon da wani ɗan gajeren labari, a bar ƙofarmu a rufe tukuna. Tebur nawa ne, ba wanda ya yi musu.

Gaskiya son sani ne ya fi cina, ba fushi ba. Me ke cikin wannan littafi da har Oga mai sanyin hali yake buga tebur?

Ranar gwaji Barista ta ba ni katina, na karanta a hankali da yatsa. Akwai abin da ya burge ni. An rubuta cewa mai gatarina tana iya tura abokin gaba baya gida biyu, kuma ba mai hana ni, tunda ga shi a rubuce. Akwai kuma abin da ban so ba. Faɗa ɗaya da 'yan fashi ya cinye mana kusan duk yammar, kowa kansa a sunkuye kan taswira, ba mai kallon fuskar Oga yayin da yake maƙale murya yana kwaikwayon shugaban 'yan fashin. Na ce a raina, to, kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

Sai na fara lura da wani abu dabam. Oga ya ce wa ɗaya daga injiniyoyin ya jefa ɗan lido, Barista ta ce, "Oga, yanzu ba haka ake yi ba, kai za ka jefa." Ya ce to. Can kuma ta ce, "Wannan dokar an cire ta." Ya jawo littafin, ya sa tabarau, ya bi shafi da yatsa bai samu wurin ba. Mutumin da ban taɓa gani yana neman shafi ba! Leɓensa yana motsi, gumi ya tsatso masa a goshi alhali fanka tana kansa. Injiniyan nan ya miƙa hannu ya buɗe masa wurin, ba da mugunta ba, wani ya ɗan yi dariya.

Oga ya rufe littafin a hankali ya ce, "Ku ci gaba da dararku. Ni na tsufa da wannan shirme." Ya tattara 'yan lidonsa.

Na ce, "Oga, ƙofar fa? Yaran mutane suna ƙarƙashin ruwa!"

Ya ce, "Hajiya, a tsohon littafi aka gina ƙofar nan." Ya fita bai ko ƙarasa zoɓonsa ba.

Alhaji ya ce shi ma in ba Oga, to ba shi. Barista ta yi tsuru-tsuru, ta ce ita fa gyara kawai take yi, ta tafi har ta manta littafinta. Na tsaya ina wanke kwanuka ina juya abin. Wannan gumin na san shi. A ajinmu na manya na ga mata masu jikoki, waɗanda ke juya gida guda da murya ɗaya, sun tsaya gaban allo malama sa'ar 'yarsu tana gyara musu harafi. Da yawa sun daina zuwa. Ba wadda ta taɓa cewa kunya ta ji. Sai dai ka ji malamar ba ta da ladabi, ko littafin banza ne, ko benci yana sa ciwon baya. Abin da Oga ya faɗa game da sabon littafi ba ƙarya ba ne, amma ba shi ya fitar da shi daga shagona ba.

Abin da na koya ke nan, kuma na ga amfaninsa a wurare da yawa da ba ruwansu da wasa. Idan gwani ya tashi yana zagin sabon abu, kafin ka biye masa ko ka yi masa dariya, ka duba ko an mayar da shi ɗan koyo ne a gaban jama'a. Babba yana iya koyon komai, amma ba a bainar mutane ba.

Da safe na bar wa ma'aikaciyata shago, na saɓi littafin Barista na hau acaba zuwa gidan Oga. Na same shi a ƙofar gida yana wanke mota. Bayan gaisuwa na ɗora littafin a kan bonet na ce, "Turancin nan ya fi ƙarfina, kuma ba zan bari yarinyar nan ta gyara mini karatu a shagona ba. Kai za ka koya mini."

Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, ai kin gani jiya. Ni ma ban iya ba."

Na ce, "Na gani. Kawo kujera biyu ka buɗe shafin farko, ba mai kallonmu."