Baba a Kan Injin Tuƙi

Mahaifina bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Manomi ne daga wani ƙauye a gindin duwatsun Kwatarkwashi. Ruwan da ya sani shi ne na sama da na rijiya, sai gulbi idan ya kawo da damina, shi ma a baki yake tsayawa har ya janye. Amma watannin ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne yana tuƙi a zauren gidana a Gusau.

A ƙarshen 1997, bayan an gama kai amfanin gona gida, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Dama yana fama da ciwon suga. Inna ta rasu shekara biyu kafin nan, ƙannena duk mata ne kuma suna gidajen aurensu, don haka na ɗauko shi ya dawo wurina. Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai". Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba na kallon tsakiyar idonsa, maganarmu ba ta wuce ta gona da gaisuwa. Ba ƙiyayya ba ce. Haka mahaifinsa ya yi masa, haka ya yi mini.

Bayan wata biyu muna zaryar asibiti ya fara tsayawa da sanda. Ma'aikacin da ke koya wa marasa lafiya motsa jiki ya ce hannun da ƙafar suna iya dawowa in ana sa su aiki kullum. Baba tambaya ɗaya ya yi masa: zai iya shuka gonarsa da kansa idan ruwa ya sauka? Mutumin ya ce in ya dage, da yardar Allah. Daga ranar Baba ba shi da wani zance sai na ruwan shuka.

A lokacin ina aikin sito a wani kamfani. Akwai wani tsohon ɗakin wasanni na manyan ma'aikata da za a mayar ofis, aka fito da tarkacen ciki aka ce mai so ya ɗauka. A nan na ga injin. Dogon ƙarfe ne kwance a ƙasa, da 'yar kujera mai taya tana zarya a kansa. A gaba akwai wurin ɗora ƙafa da maɗauri, da sanda mai sarƙa da ake ja, da fanka a cikin keji. An ce da shi masu tseren kwale-kwale ke koyo a tudu. Na sa shi a a-kori-kura na kai gida. Ma'aikacin asibitin ya zo ya duba, ya ce zai yi amfani. Ya nuna wa Baba yadda zai zauna, baya a miƙe, ya fara turawa da ƙafa kafin ya ja da hannu. Ya ce kwata na awa da safe, kwata da yamma, kada ya wuce.

Baba bai san aikin kwata na awa ba. Da an idar da sallar asuba ya ɗan huta, sai ya hau, ba zai sauka ba sai rana ta fara cizo, daidai lokacin da ya saba baro gona. Bayan la'asar ya koma. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, minti goma sha biyar aka ce."

Bai dakata da ja ba ya ce, "Wa ya taɓa noman minti goma sha biyar ya ci tuwo?"

Ban sake ba. Tunda ba zan iya rage masa tsawon zaman ba, sai na koma neman yadda zaman ba zai cutar da shi ba.

Hannun hagu ne ya fara ba mu wahala, don ba ya iya riƙo, sandar takan suɓuce. Na yago wani tsohon rawani ina ɗaure masa hannun a jikinta. Tafin ya yi laushi saboda zaman jinya, cikin kwana uku ya tashi bororo. Na naɗe sandar da robar tayar keke, na bi da tsumma a kai, kullum kafin in fita aiki in shafa masa man kaɗanya. Wannan ya yarda da shi, yakan miƙo hannun yana kallon wani waje. Maɗaurin ƙafa yana yankar masa bayan ƙafa, na kawo kambas ya ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne, muka daidaita a kan safa biyu. Babbar rigarsa takan shiga ƙarƙashin tayar kujera, har sau ɗaya ta kusa kayar da shi, sai matata ta rage masa wata tsohuwar taguwa. Gajeren wando kuwa ko ambatonsa ban iya yi ba. Nasa ya ci gaba da sawa, irin na da, mai kauri, ɗinkin hannu, da kabu mai tudu a tsakiya.

Da zafi ya shigo na ja injin bakin ƙofa inda iska ke ratsawa, ina yayyafa ruwa a daɓe, na ajiye masa tulu da moɗa a damansa.

Kujerar ce ta fi damuna, don roba ce mai tauri kamar dutse. Na shimfiɗa buzu, yana zamewa. Wani abokin aikina ya ce akwai mai ɗinkin kujerar babur a Tsafe da ba a kai shi iyawa ba. Ranar Asabar na kwance kujerar na shiga bas. Mutumin ya juya ta a hannu ya ce, "Malam, wannan babur ɗin wace ƙasa ce?" Ya sa mata soso mai kauri ya rufe da baƙar leda, ya ja ta sumul. Na dawo ina jin na yi abin kirki. Ban yi tunanin leda ba ta shan gumi ba. Ban yi tunanin mutumin da rabin jikinsa ba ya jin zafi ba zai san abin da ke faruwa a inda yake zaune ba.

Kuma sauƙi yana zuwa, shi ya rufe mini ido. Kafin ƙarshen Maris yana ɗaga moɗa da hagu. Yana zuwa masallacin unguwa da sanda ba mai riƙe shi. Wata safiya na same shi a tsakar gida yana takawa a hankali, kowane taku ya murza diddigen hagu a ƙasa, yadda ake rufe rami bayan an jefa iri. Da ya gan ni sai ya daina.

A farkon Afrilu matata ta kira ni bayan ɗaki ta nuna mini wandonsa da ta ɗauko za ta wanke. Akwai tabo a mazauni, ba na gumi ba, ruwa-ruwa da jini. Ta ce kwana biyu ke nan tana gani, kuma jiya ya ce a bar masa wandunansa zai riƙa wankewa da kansa. Ita suruka ce, ba ta da bakin magana. Wanka shi yake yi wa kansa, tun a asibiti ya ƙi kowa ya taimaka masa. Saura ni.

Sau uku ina zuwa ƙofar zaure ina komawa. A na huɗu na tsuguna na ce, "Baba, kujerar nan ba ta damunka?"

Ya ce, "Lafiya lau take."

Iyakar abin da na iya ke nan. Ya kamata in ɗauke injin a ranar, ko in ce ya lalace. Amma ina ganin yadda yake leƙen gabas kowace yamma, na kasa.

Akwai mutum ɗaya da zai iya yi masa wannan magana, taubashinsa da ke Bungudu, ɗan gwaggonsa, wanda muke kira Baffa. Tsakaninsu ba kunya, sai wasa da zagi tun suna yara. Bungudu ba nisa, da na je da kaina da mun dawo tare a yini guda. Sai na ba wani direba saƙo, kuma ko a saƙon ban iya faɗin abin ba. Cewa na yi Baba yana son ganinsa. Baffa ya ɗauka zumunci ne kawai. Yana da ta'aziyya a garin Wanke, ya fara zuwa can. Kwana takwas ya yi kafin ya iso, kuma duk kwanakin nan Baba yana kan injin safe da yamma.

Da hantsi ya zo, ya tarar da shi yana ja. Ya tsaya a bakin zaure ya riƙe ƙugu.

"Ashe gaskiya ne. An ce bawana ya bar noma ya koma su. Ina kifin?"

"Ya hango fuskarka ya nutse," in ji Baba.

"Tun asuba kake tafiya, ka kai Tsafe kuwa?"

"Na wuce. Kai mai ƙafa biyu lafiyayyu, kwana nawa ka yi daga Bungudu?"

"Mi zan yi wa sauri? Gadonka zan ci ko na zo ko ban zo ba."

Baba ya yi dariya har sarƙar ta saki. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna na da rai. Na bari suka gaisa, sannan na ja Baffa waje na gaya masa, ina kallon ƙasa. Ya daɗe yana dubana.

"Wanga ne ka kasa aiko mini?"

Bai jira amsa ba ya koma ciki ya saki asabari. Ina tsaye a waje ina jin su.

"Sauko, tsoho. Kwance wandon."

"Ka haukace?"

"Ni da kai rana ɗaya aka yi mana kaciya. Mi za ka ɓoye mini? Juya."

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Da Baffa ya fito sai ya ɗauki buta ya yi ta wanke hannu. Ya ce, "Nemo mota."

A asibiti likita ya ce gyambo ne, ya kai faɗin tafin hannu, ya ci ciki, gefensa ya yi baƙi. Kabun wandon ne ya fara goge fata, gumi ya jiƙa wurin, sugan ya hana shi warkewa. Ya tambaya tun yaushe aka lura. Baffa ya juyo ya dube ni. Na ce kwana goma. Likitan ya rubuta.

Kullum da safe ana wanke ciwon, kuma dole wani ya riƙe shi a kan gefensa. Kwana biyun farko Baffa ne. A na uku ma'aikaciyar jinya ta zo Baffa ya fita, ta ce, "Kai ba ɗansa ba ne? Zo ka riƙe." Na riƙe kafaɗarsa da ƙugunsa. Ya juya fuska bango. Ni ma na so in kau da kai, amma na duba, na ga abin da ya kamata in gani tun da wuri. Jikinsa zafi kamar garwashi. Daga ranar ni nake riƙe shi, bai ce kada in yi ba, bai kuma taɓa juyowa ba.

Zazzaɓin bai sauka ba. A rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, hadari ya haɗo daga gabas aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Baba ya buɗe ido ya saurara har ya tsagaita.

Ya ce, "Kai."

Na ce, "Na'am, Baba."

"Wanga ruwa ya kai gida?"

Na ce hadarin ta can ya taso, da wuya bai kai ba.

Sannan ya ce, "Irin geron yana rumbun tsakiya, wanda na ɗaure daban. Ka aika a faɗa wa mutan gida su shuka. Kada su jira ni."

Wannan karon ban aika ba, da kaina na je. Na kai saƙon, aka fasa rumbun a gabana, na juyo. Ina isowa na tarar da Baffa zaune a bakin barandar asibiti, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Tun daga nesa na gane Baba ya cika.